Dokar hana wariyar shekaru a wurin aiki

Wannan doka ce da ta haramta wa mai kamfani ya ƙi ɗaukar mutum aiki, ko ya danne masa ƙarin girma, ko ya sallame shi, don kawai shekarunsa. Wadda aka fi sani ita ce ta Amurka, ADEA, da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1967. Ƴan shekara 40 zuwa sama take karewa, kuma ta hau kan kamfanonin da ke da ma'aikata 20 ko fiye. Da farko kariyar a shekara 65 ta tsaya, aka ɗaga ta zuwa 70 a 1978, sai a 1986 aka cire iyakar ga yawancin ayyuka. Hukumar EEOC, mai kula da hana wariya a wurin aiki a Amurka, ita ke karɓar koke, galibi cikin kwana 180 da faruwar abin, a wasu jihohin 300.

Ta Birtaniya daban take, Dokar Daidaito ta 2010 ta haɗa har da matasa, wato ko cewa aka yi ka yi ƙanƙanta da muƙamin kana da bakin magana. A 2011 kuma suka soke tsarin da ya ba kamfani damar yi wa mutum ritayar dole da ya cika 65.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Ba manajan da zai dubi idonka ya ce ka tsufa, sai dai ka ji ana "muna son sabon jini", ko tallar aiki ta ce waɗanda suka gama jami'a kwanan nan ake nema, ko a zo rage ma'aikata ka duba jerin sunayen duk masu furfura ne, mutum ya yi shekara talatin yana wa waje bauta ga yara a makaranta, a tura shi gida da sunan gyaran tsari. Abin akwai ciwo gaskiya. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Gross, ta ƙara wa mai ƙara nauyi, ta ce sai ya nuna cewa ba don shekarun ba da ba a yi masa abin da aka yi ba, bai isa ya ce suna cikin dalilai ba.

Akwai ayyukan da aka keɓe saboda tsaron rayuka. Matuƙan jiragen fasinja a Amurka dole su sauka a shekara 65, kafin 2007 ma a 60 suke sauka.