Fim ɗin Indiya ba rawa da waƙa kaɗai ba ne

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya, da yawa mun ɗauka duk labarin soyayya ne da rawa. Ba haka ba ne. A dubi furodusa B.R. Chopra, wanda ya kafa kamfanin B.R. Films a 1955. Fim ɗinsa Naya Daur na 1957 ya nuna yadda zuwan motar haya ke neman raba masu keken doki da abincinsu. Kanoon na 1960 kuwa shari'ar kisan kai ce, babu waƙa ko ɗaya a ciki. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Nikaah na 1982, kan macen da miji ya yi wa saki uku cikin fushi, abin da mu ma muka san zafinsa a gidajenmu.