Rufe Rijiyar Mai ko Gas na Ɗan Lokaci da Haƙƙin Mai Fili

Rufe rijiya na ɗan lokaci shi ne a tsayar da fitar ɗanyen mai ko iskar gas daga rijiyar da har yanzu take da albarka, ta hanyar ɗaure famfunan da ke bakinta, da nufin a sake buɗe ta nan gaba. Ya bambanta da toshe rijiya da siminti, wanda ake yi idan an gama da ita ke nan har abada.

Dalilin da ya fi yawa shi ne rashin kasuwa ko rashin bututu. Wannan ya fi damun rijiyoyin gas, domin ɗanyen mai ana iya tara shi a tanki a kwashe da motocin dakon mai, amma gas sai da bututu yake isa hannun mai saye. Akan kuma rufe rijiya don gyara, ko saboda guguwa a mashigin tekun Meziko, ko faɗuwar farashi. A ranar 20 ga Afrilu, 2020, lokacin annobar korona, farashin gangar mai ta ma'aunin Amurka ya faɗi ƙasa da sifili saboda rumbunan ajiya sun kusa cika, kamfanoni kuwa suka rufe rijiyoyi da dama a Dakota ta Arewa da yammacin Teksas. Rufewar ba ta rasa haɗari, don rijiyar da ta daɗe a tsaye takan tara ruwa, ƙarfenta ya yi tsatsa, kakin mai ya daskare a bututu, har wani lokaci ba ta komawa yadda take.

Batun shari'a ya fi tasowa a Amurka, inda mutum kan mallaki ma'adinan da ke ƙarƙashin filinsa, saɓanin Najeriya da tsarin mulki ya danƙa su ga gwamnatin tarayya. Mai fili kan ba kamfani haya na wa'adin farko, galibi shekara 3 ko 5, sannan hayar ta ci gaba muddin ana haƙo mai ko gas, shi kuma yana karɓar kasonsa, wanda a al'ada kashi ɗaya ne cikin takwas. To idan wa'adin ya cika, rijiya tana rufe, babu abin da ke fita, mene ne matsayin hayar? Don warware wannan aka shigo da sharaɗin biyan kuɗin rufewa: kamfani ya riƙa ba mai fili wani ƙayyadadden kuɗi, yawanci duk shekara, bisa yawan rijiyoyi ko faɗin fili, sai a ɗauka tamkar rijiyar tana aiki. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ne igiyar da ke riƙe hayar. Yawancin tsofaffin takardun haya rijiyar gas kaɗai suka ambata a wannan sharaɗi, kuma dole rijiyar ta kasance za ta iya fitar da abin da zai rufe kuɗin gudanar da ita har a ci riba.

Jihohi sun saɓa a nan. Kotunan Teksas suna da tsanani: a shari'ar Freeman da kamfanin Magnolia ta 1943, da ta kamfanin Gulf da Reid ta 1960, Kotun Ƙolin jihar ta ce haya ta mutu saboda ba a biya kuɗin rufewa a kan lokaci ba. A Oklahoma kuwa, kasancewar rijiyar tana iya fitar da gas mai riba ya isa ya riƙe haya, matuƙar kamfani yana ƙoƙarin neman kasuwa cikin lokacin da hankali zai ɗauka.

Saboda gudun kada kamfani ya riƙe fili shekara da shekaru da ɗan kuɗi kaɗan, masu filaye a yau sukan nemi a rubuta iyakar shekarun rufewa, a ƙara kuɗin, a kuma fayyace dalilan da za su halatta ta.