Me yasa wasu masu korona ke rikicewa a sati na biyu?

Jama'a dan Allah ku tsaya mu fahimci wani abu game da korona. Da yawa sun ɗauka ƙwayar cutar ce kaɗai ke lalata huhu, alhali a waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, kaso mai yawa na ɓarnar daga garkuwar jikinsu take fitowa.

Idan ƙwayar ta shiga huhu, fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofej su ne ke fara tarbarta, sai su saki wasu sinadarai masu suna saitokain, irinsu IL-6, don kiran ƴan uwansu su kawo ɗauki. Wannan lafiya lau ne, haka jiki ke kare kansa, kuma mafi yawan mutane da haka suke warkewa. Matsalar tana zuwa ne idan kiran ya ƙi tsayawa, wasu fararen ƙwayoyin jinin masu suna niyutirofil su yi ta kwararowa cikin huhu suna zubar da abubuwan kashe ƙwayar cuta waɗanda naman huhun ma ba su bari ba, jijiyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya cika ƴan buhunan iskar da muke numfashi da su, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, su kuma ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, da ya kamata su kawo tsari sai ka ga sun ragu a gwajin jini. Shi ne likitoci ke ce wa guguwar saitokain.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da take zuwa. Yawanci wajen kwana 7 zuwa 10 ne, zazzaɓi ma wataƙila ya sauka, ƴan uwa sun saki jiki wai an samu sauƙi. Wani oksijin ɗinsa zai faɗi sosai amma yana zaune yana hira abinsa. Tsofaffi, masu ciwon suga, hawan jini da masu ƙiba, su ya kamata a fi sa wa ido.

Sai maganar deksametazon, wani maganin rage kumburi. A watan Yunin 2020 wani bincike mai suna RECOVERY a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin, saboda yana kwantar da wannan kumburin. Amma ga wanda bai buƙatar oksijin bai amfana komai ba, zai ma iya cutarwa, tunda a farkon ciwo garkuwar ce ke yi maka aiki, ga shi yana tayar da suga. Kar ka sha da kanka don ka ji an ce yana aiki, likita ne zai ga lokacinsa.

In mara lafiya ya fara haki, numfashi na sauri, ƙirji na ciwo, ya ruɗe ko leɓensa ya canza launi, a kai shi asibiti a lokacin, kar a ce sai gari ya waye.