Sarautun baronet na gidan Bacon

Gidan Bacon na gabashin Ingila ya riƙe sarautar baronet, wata sarautar gado ta Birtaniya, guda uku. A Birtaniya ana samun sarautu da dama masu suna ɗaya alhali masu su ba su haɗa jini ba, shi ya sa ake jingina kowace da sunan wani gari domin a bambanta su. Na Bacon kuwa tsatsonsu ɗaya ne.

Sarki James na Ɗaya ne ya ƙirƙiro sarautar baronet a 1611, kuma neman kuɗi ne ya kai shi. Duk wanda aka naɗa sai ya biya fam 1,095, wato kuɗin ɗaukar nauyin sojoji 30 na shekara uku a yankin Ulster na ƙasar Ailan. Ana kiran mai sarautar Sir, matarsa kuma Lady, babban ɗansa namiji ya gaje shi, amma ba ta ba shi kujera a Majalisar Iyayen Ƙasa.

Wanda aka fara naɗawa ranar 22 ga Mayu, 1611 shi ne Nicholas Bacon na Redgrave, a yankin Suffolk. Mahaifinsa ne mai riƙe da babban hatimin ƙasa a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, kuma uba ɗaya suke da masanin falsafa Francis Bacon. Saboda wannan rigaye, har yau magajin Nicholas ne ake ɗauka baronet na farko a daraja a Ingila.

A 1627 aka ba ɗan Nicholas, Butts Bacon, sarautar Mildenhall. Ta uku, ta Gillingham, ta zo a 1662, amma ba ta yi ƙarko ba: ta mutu a 1685 da aka rasa ɗa namiji.

Abin da ya fi jan hankali ya faru ne a 1755. Baronet na shida na Redgrave ya rasu bai bar ɗa namiji ba, gado ya gangara ga Sir Richard Bacon, wanda dama shi ne na takwas a Mildenhall. Sai ya zama na bakwai a Redgrave kuma na takwas a Mildenhall lokaci guda. Tun daga nan mutum ɗaya ke riƙe da sarautun biyu, da lamba biyu. Sir Nicholas Bacon, wanda aka haifa a 1953, shi ne na 14 a Redgrave, na 15 a Mildenhall. Mazaunin gidan yanzu shi ne Raveningham Hall, a yankin Norfolk.