Canza fitilar mota a Kano: wacce doka ta yarda da ita, wacce za ta jawo maka kamu?

Laifi ne in cire fitilar da mota ta zo da ita in sa wata?

Canjin kansa ba laifi ba ne. Gilashi ya fashe ko ƙwai ya mutu, ka je Ƙofar Ruwa ka sayo wani, babu wanda zai tare ka a kan haka. Abin da Dokokin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na 2012 suka damu da shi shi ne launin hasken da kuma inda yake sauka. Na gaba fari ne ko mai ɗan rawaya, na baya ja. 'Yan Road Safety da jami'an VIO masu duba lafiyar mota da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta jihar Kano, duk suna duba wannan a titi.

To ƙwan LED ko zenon, masu farin haske mai ƙarfi, da matasa ke yayi fa?

Nan ake samun matsala. Yawancin tsofaffin motocinmu na Kwatano da ƙwan halojin aka ƙera su, mai wat 55 ko 60. Madubin da ke cikin gidan fitilar an lanƙwasa shi ne daidai da ɗan siririn zaren da ke ci a tsakiyar wannan ƙwan, don ya tattara hasken ya kwantar da shi a kan kwalta. Idan ka cusa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani gurbin daban, sai hasken ya tarwatse, rabi a ƙasa, rabi a idon mai tahowa. Kai da ke ciki sai ka ga gabanka ya yi fes ka ce kuɗinka sun biya, alhali can nesa, inda ya kamata ka hango rami ko mai tura baro, ba abin da ya ƙaru. Mai Adaidaita Sahu da ke fuskantarka a titin Haɗeja kuwa, wanda kujerarsa ke ƙasa-ƙasa, na 'yan daƙiƙu bai san inda yake dosa ba.

Motar da ta zo da LED ko zenon daga kamfani ba ta cikin wannan magana, domin an yi gidan fitilarta tare da ƙwan. In ma lallai sai ka canza, canza gidan gaba ɗaya, ka duba jikin gilashin ko akwai tambarin E a cikin da'ira, ko DOT, alamar an ƙera shi bisa ƙa'idar Turai ko ta Amurka.

Amma fitilata ba ta gani da dare, ya zan yi?

Kafin ka ba mai waya kuɗin ƙwai mai wat 100, wanda yakan narkar da soket ya ƙona waya, dubi gilashin tukuna. Ranar Kano da ƙura kan mayar da shi ruwan ɗorawa, kuma gogewa kaɗai takan dawo da haske mai yawa. Sannan saiti. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, ka kunna dim. Saman hasken ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kimanin santimita 10. Akwai kusoshin saiti a bayan gidan fitilar, aikin minti kaɗan ne.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan an yi ta ne don masu bin hannun hagu. Mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama, don haka gefen da haskenta ke ɗagawa ya faɗo daidai kan masu tahowa.

Lokacin hazo, farar fitila mai shuɗi-shuɗi ba ta fi ba?

Ba ta fi ba. Ƙurar hunturu tana dawo maka da haske mai ƙarfi cikin ido, musamman in ka kunna ful. Dim da fitilar hazo da ke ƙasan bamba sun fi amfani.

Danjar baya fa, in na sa mata baƙar leda don ado?

Danja ita ce kaɗai ke gaya wa na bayanka ka taka birki. Ka dusashe ta, sannan ka tsaya kwatsam a cunkoson mahaɗar Dangi da magariba, ka ga wa za a ɗora wa laifi. Haka wanda ya mayar da ita fara ko shuɗiya, ko ya sa mai ƙyafta-ƙyafta da ba a bambance birki da sigina. Duk waɗannan dalilin kamu ne.

Fitila mai walƙiya irin ta jami'an tsaro?

Wannan kam doka ta keɓe ta, tare da jiniya, ga wasu manyan masu muƙami kamar shugaban ƙasa da gwamnoni, sai jami'an tsaro, motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana. Kasancewarka ɗan wane ko yaron wane ba ya sa ka cikin jerin.

In an tare ni a kan fitila fa?

Ka tambayi jami'in laifin da ya rubuta, ka karɓi takardar tara, ka biya ta hanyar da hukumar ta tsara, ka riƙe rasit. Sannan ka gyara fitilar, domin rasit ɗin jiya ba zai hana a sake kama ka gobe a kan laifi ɗaya ba.