Me ake nufi da fasahar zamani?

Idan aka ce fasahar zamani a fagen zane-zane, ba na'urori ake nufi ba, ana nufin zane, sassaƙa, hoto, bidiyo da makamantansu waɗanda ake yi a wannan lokaci, galibi daga hannun masu fasahar da suke raye. Masana ba su tsaya kan shekara guda ba, amma akasarinsu suna fara lissafi ne daga wajajen shekarun 1960 zuwa 1970, domin su raba ta da zamanin da ya gabace ta, na su Picasso, fitaccen mai zane ɗan Sifaniya. Sai dai babban abin da ya bambanta ta shi ne cewa ma'anar da ke cikin aiki takan rinjayi gwanintar hannu, shi ya sa wanda ya shiga ɗakin baje koli yana neman zanen da ya yi kama da abin da aka zana sak yakan fito yana mita.

Tushen wannan tunani ya girmi ita kanta fasahar. A shekarar 1917 Marcel Duchamp, mai fasaha ɗan Faransa, ya sayi mazubin fitsari na tangaran, ya sa masa hannu da sunan R. Mutt, ya miƙa shi ga wani baje koli a birnin New York, aka ƙi nuna shi. Abin da aikin ke nunawa shi ne zaɓen abu da ajiye shi a gaban jama'a ma fasaha ne, kuma har yau ba a gama gardama a kan haka ba.

Inda abin ya fi armashi shi ne ayyukan da ake girkawa su cika ɗaki, mai kallo ya shiga tsakiyarsu. A 2010 Ai Weiwei na ƙasar Sin ya shimfiɗa ƙwayoyin furen rana kimanin miliyan 100 a babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan. Daga nesa sai ka ɗauka tsakuwa ce aka baza, amma da ka tsuguna ka duba za ka ga kowace ƙwaya tangaran ce da aka gasa, aka ja mata layuka da hannu, aikin masu sana'a kusan 1,600 a garin Jingdezhen na ƙasar Sin. Wanda ya san haka dole ya yi tunanin yawan jama'a, da matsayin mutum ɗaya a cikinsu, da hannayen da suke ƙera kayan da duniya take saye ba tare da ta san masu su ba. Da farko an bar mutane suna takawa, daga baya aka hana saboda ƙurar da take tashi.

Haka nan El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka kafin ya yi ritaya, yana daddale murafen kwalaben barasa, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe, su zama kamar ƙaton mayafi mai ƙyalli da ke zubowa daga bango. Kayan aikin da kansu suna tuna wa mutum yadda barasa ta shiga cinikin Turai da Afirka.

Ba kowane aiki ne ya kai waɗannan ba. Akwai masu fakewa a bayan dogon bayani mai cike da manyan kalmomi, alhali abin da ke gabanka bai taka kara ya karya ba, kuma mai kallo yana da damar faɗin haka, muddin ya tsaya ya duba tukuna. Abin da ya fi taimakawa shi ne a fara kallon aikin daga nesa, a matso kusa, a zagaya shi, sannan a karanta ɗan allon da ke gefe, wanda yakan ɗauki sunan mai aikin, da shekara, da kayan da aka yi amfani da su. Layin kayan aikin ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin sau da yawa a nan ne ake gane dalilin da ya sa mai tsara baje kolin ya ajiye wannan aiki kusa da wancan.