Sauya Fasalin Koyar da Zane-zane a Makarantu

Sauya fasalin koyar da zane-zane yunƙuri ne na malamai da masana ilimi na sake duba abin da ake koya wa yara a darasin fasaha, da dalilin koyar da shi. Muhawarar ta daɗe tana kai-kawo tsakanin masu son a horar da hannun yaro da masu son a sakar masa mara ya zana abin da ke ransa.

A ƙarni na 19 kwaikwayo ne ke cin kasuwa. A 1870 jihar Masacuset ta Amurka ta wajabta koyar da zane a makarantun gwamnati, ba don sha'awar kyau ba, sai don masana'antu na neman ma'aikatan da suka iya zana fasalin kaya. Malami ya ja layi a allo, ɗalibai su kwafa.

Franz Cižek, wani mai zane kuma malami, ya bijire wa wannan tsari. A ajin yara da ya buɗe a babban birnin Ostiriya a 1897, ya hana kwafa, yana ganin zanen yaro fasaha ce mai cin gashin kanta. Malamin fasaha Viktor Lowenfeld ya yaɗa irin wannan ra'ayi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, a ajujuwa da dama 'yancin ya koma sakaci: a miƙa wa yaro fenti da takarda, malami ya koma gefe.

Martani ya zo a shekarun 1980, lokacin da cibiyar Getty mai tallafa wa fasaha a Amurka ta ɗauki nauyin tsarin da ya haɗa abubuwa huɗu: yin aikin da hannu, tarihin fasaha, sharhi, da nazarin kyau. An soki tsarin da cewa ya fifita ayyukan Turawa, kuma sukar tana da tushe.

A yau wasu makarantu kan mayar da aji ɗakin aiki, ɗalibi ya zaɓi batu da kayan aikinsa, ko fenti, ko yumɓu, ko kwamfuta, malami kuma ya nuna dabara idan buƙatarta ta taso. 

Inda gizo ke saƙar shi ne bayar da maki. Jarrabawar rana ɗaya ba ta nuna yadda aiki ya samo asali, shi ya sa hukumomin jarrabawa da dama ke duba tarin ayyukan ɗalibi da littafin gwaje-gwajensa, har da zanen da ya fara ya watsar.